MAIƘO A ABINCIN SANIYAR TATSA: INA YAKE ZUWA, ME YAKE HAIFARWA?

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiya)



Mai girma Uban Taro, Allah ya ja zamanin Hakimi da 'yan majalisarsa, Shugaban ƙungiya da sauran shugabanni, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa da kuka baro harkokinku a Kano da Kaduna da Abuja da Legas kuka iso gida, ina yi wa kowa barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan kiwon shanun tatsa, domin an lura da yawa daga cikinku mazauna birni kun zuba dukiya a wannan sana'a. Wani ya ajiye shanu biyar a bayan gida ya ɗauki yaro yana kula da su, wani ya ba da nasa amana a ruga, wani kuma ya kai ga sayen shanun da aka yi wa barbara da na Turai. Duk wata kuna aiko da kuɗin dusa da harawa, kuna kuma buga waya kuna tambayar ko madara ta ƙaru. Fagen kiwo yana da faɗi, saboda haka na ɗauki ɓangare guda, wato maiƙon da ake ƙara wa saniya a abinci. Dalilina shi ne shawarwarin da ke yawo a wayoyin hannu. Wannan ya ce a zuba manja a dusa, wancan ya ce man gyaɗa ya fi, wani kuma ya ji labarin wani kitse na buhu da ake yi a ƙasashen waje, wanda aka ce yana sa hantsa ta cika. A cikin kowace magana akwai ɗan ƙamshin gaskiya, sai dai wanda ya bi su ido rufe, garin neman ƙiba yana iya samo rama.

Kafin a ce ga abin da maiƙo ke yi wa saniya, tilas mu fara leƙa cikinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ana gyaran kayan ciki ya san cikin saniya ɗaki huɗu ne. Akwai tumbi, babban buhun nan mai kama da tawul. Akwai na biyu mai zanen saƙar zuma, da na uku mai shafi-shafi kamar littafi, sannan na huɗu, wanda shi kaɗai ne ke aiki irin na cikin ɗan Adam. Tumbin babbar saniyar Turai yana ɗaukar fiye da lita 100, kuma a cike yake da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, ta yadda a cikin cokali guda na ruwan tumbi akwai biliyoyinsu. Saniya da kanta ba ta da abin narkar da kara ko ciyawa. Waɗannan halittu ne ke ruɓar da zaren ciyawa, su mai da shi wasu ruwaye masu tsami, jinin saniya ya tsotse su ta bangon tumbi, ta samu ƙarfi. Saboda haka mai kiwon saniya garke biyu yake ciyarwa, na fili da na ɓoye, kuma idan na ɓoyen ya ji yunwa ko ya sha guba, na filin ba zai yi ƙiba ba.

Daga cikin ruwayen nan masu tsami, biyu ne suka fi shafar maganarmu. Ɗaya ana ce masa asitet, ya fi samuwa daga ciyawa da harawa da kara, kuma da shi hantsa ke ƙera wajen rabin man da ke cikin madara. Ɗayan kuma furofiyonet, ya fi samuwa daga hatsi da dusa, hanta ke mai da shi sukari, sukarin nan kuwa shi ke jawo ruwa zuwa hantsa, wato shi ke yanke yawan madarar da za a tatsa. Sauran rabin man madara daga jini yake zuwa kai tsaye, ko dai daga maiƙon da saniya ta ci, ko daga kitsen jikinta da ta narkar. A riƙe wannan rabo na gida biyu, domin a kansa sauran bayani zai hau.

To, me ya sa tun farko aka yi tunanin ƙara wa saniya maiƙo? Matsalar ta manyan shanun Turai ce, irin su Firishiyan, masu ba da lita 30 ko 40 a rana. Irin wannan saniya takan kai ƙololuwar madararta tsakanin mako na 4 da na 8 bayan haihuwa, alhali cin abincinta ba ya kai matuƙa sai wajen mako na 10 zuwa na 14. A tsakanin nan abin da ke fita ta hantsa ya fi abin da ke shiga ta baki, sai ta koma tana cin jikinta, ta rame, haƙarƙari su bayyana, ta kuma yi jinkirin neman sa. Ba a iya ƙara mata ciyawa domin tumbi ya riga ya cika. Idan kuma aka labta mata hatsi, tumbi ya yi tsami fiye da kima, ta kama zawo da ciwon kofato. Maiƙo kuwa, awo da awo, ya ninka sitaci ƙarfi sau biyu da kwata, ga shi ba ya cin wuri, ba ya kuma ƙara tsamin tumbi. Akwai wata fa'idar da ta shafe mu masu zafin bazara: narkar da maiƙo ba ya ta da zafin jiki kamar yadda ruɓar ciyawa ke yi, don haka saniyar da zafi ya rage wa cin abinci tana iya samun ƙarfi daga ɗan kaɗan.

A nan ne mai talla yakan tsaya. Mu sai mu ci gaba.

Maiƙo iri biyu ne a wajen tumbi. Akwai mai daskarewa, irin kitsen dabba da ke yin tauri idan ya huce, akwai kuma mai ruwa-ruwa wanda sai tsananin sanyi ke sa shi kauri, irin man gyaɗa da man waken soya da man riɗi da na anguriya. Wannan na biyun, wanda likitoci ke yaba wa a abincin mutum, shi ne abokin gaban halittun tumbi. Da farko yakan lulluɓe ciyawar da ke ciki, kamar yadda mai ke hana ruwa kama ƙwarya, sai halittun su kasa isa gare ta. Na biyu, shi kansa guba ne ga irin halittun da ke cin zaren ciyawa. Saboda haka idan aka zuba wa saniya kwalbar man gyaɗa a dusa, ciyawar da ta ci takan daɗe a tumbi ba ta ruɓe ba, ta rage cin abinci, asitet ya ragu, kashinta ya fito da tsinkayen ciyawa da ba su narke ba. Mai ita ya kashe kuɗin mai, ya kuma yi asarar rabin amfanin harawar da ya saya.

Halittun tumbi ba su zauna sun naɗe hannu ba. Suna da dabarar kare kai: suna ɗaukar man nan mai ruwa-ruwa su liƙa masa haidirojin, mataki-mataki, har ya koma mai daskarewa wanda ba ya cutar da su. Wannan ne ya sa saniya ke cin ciyawa da gyaɗa amma kitsenta ya fito da tauri, man shanu kuma ya dunƙule a ƙwarya. Idan man da aka ba ta kaɗan ne, kuma tumbi yana cikin lafiyarsa, aikin yana tafiya lami lafiya. Amma idan abubuwa biyu suka haɗu, wato mai ya yi yawa, tumbi kuma ya yi tsami saboda hatsi ya rinjayi ciyawa, sai aikin ya bi wata ɓarauniyar hanya, a samu wani sinadari na rabin hanya wanda ke wucewa hanji, ya shiga jini, ya isa hantsa ya hana ta ƙera mai.

An daɗe ana ganin wannan matsala a gonakin Turai da Amurka, madara ta fito da yawa amma ba mai, ba a kuma san takamaiman dalili ba. A shekarar 2000 ne masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Dale Bauman, suka nuna wannan sinadari da yatsa. Sun riƙa ɗura shi kai tsaye cikin ɗaki na huɗu na cikin saniya, suka tarar ƙasa da giram 5 a rana ya isa ya zabge kusan kashi ɗaya bisa huɗu na man madara, giram 14 kuma ya raba shi biyu. Ku dubi wannan al'amari. An ba saniya mai domin madara ta yi mai, ga shi man da aka ba ta ne ya tsiyayar da na hantsa. Iyayenmu mata masu kaɗa nono su ne farkon waɗanda za su gane, domin za a kai musu ƙwarya cike, su kaɗa har hannu ya gaji, ɗan curin man da zai fito bai taka kara ya karya ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai, in ji Bahaushe. A garinmu kuwa man shanu kuɗi ne a hannu, sau da yawa ma shi ne ribar mai nono.

Ganin haka ne masana suka nemi hanyar da maiƙo zai ratsa tumbi ba tare da ya taɓa halittun ciki ba. A farkon shekarun 1980 Donald Palmquist da Thomas Jenkins na Jami'ar Jihar Ohayo suka nuna cewa idan aka haɗa maiƙo da kalsiyam, ya zama kamar sabulu busasshe, ba ya narkewa a tumbi inda tsami ke da sauƙi. Sai ya isa ɗaki na huɗu, inda tsami ke da ƙarfi ƙwarai, sannan ya rabu da kalsiyam ɗin, ya wuce hanji, ruwan matsarmama ya sarrafa shi, jini ya ɗauka. Daga wannan bincike aka samu kitsen buhu irin su Megalac, wanda kusan kashi 84 cikin 100 nasa maiƙo ne, kashi 9 kalsiyam. Akwai kuma wani nau'in da ake yi da maiƙo mai daskarewa ƙwarai, a mai da shi ƙanana kamar tsakin gero. Mafi yawan waɗannan kayayyaki daga ragowar tace manja ake yin su, a Maleshiya da Indunusiya, ƙasashen da a yau ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya. Abin takaici, itacen kwakwar manja ɗan asalin Afirka ta Yamma ne, kuma a farkon shekarun 1960 Nijeriya ce ke kan gaba wajen sayar da manja a duniya. Wannan magana ce ta wata rana.

Ko a cikin kitsen buhun ma ba duka ne ɗaya ba. Binciken da aka yi ta yi daga wajen 2010, musamman na Adam Lock da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Mishigan, ya nuna kowane nau'in maiƙo da inda ya fi nufa. Wanda ake kira falmitik, mai yawa a manja, ya fi tafiya hantsa ya ƙara man madara. Oleyik, wanda ya yi yawa a man zaitun da man gyaɗa, idan an kare shi daga tumbi, yana taimaka wa hanji tsotse maiƙo, yana kuma taimaka wa saniya ta riƙe jikinta. Sitiyarik, na kitsen dabba, shi ne mafi wuyar tsotsewa, kuma da yawansa yakan fita a kashi. Har ila yau abin da aka ba saniya yana bayyana a ƙwarya. A 2021 an yi ta ce-ce-ku-ce a Kanada, masu saye suka yi kukan cewa man shanunsu ya daina laushi, aka zargi kitsen manja da ake ba shanu, domin falmitik ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 63. Kwamitin da manoman ƙasar suka kafa ya ce a 2022 ba za a iya ɗora taurin a kan kitsen manja kaɗai ba, amma babu mai musun cewa abincin saniya yana sauya yanayin manta.

Me ake samu idan an yi amfani da kitsen buhu yadda ya kamata? Idan aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a kan manyan shanun Turai, ƙarin da ake samu bai wuce kimanin lita ɗaya ba a rana, wani lokaci fiye, wani lokaci babu. Tare da haka saniya takan ɗan rage cin abinci, domin maiƙo yana sa ƙoshi, kamar yadda kowannenmu ya sani idan miya ta ji mai. Furotin na madara yakan ɗan sauka, abin da ke damun masu yin cuku fiye da masu kindirmo. Game da ɗaukar ciki, wasu gwaje-gwajen sun nuna taimako, wasu ba su nuna komai ba. A makonni biyu ko uku na farko bayan haihuwa kuwa sai an yi hattara, domin a lokacin jinin saniya ya riga ya cika da kitsen jikinta da take narkarwa, hanta tana fama, duk abin da zai ƙara rage mata cin abinci ba alheri ba ne. Akwai kuma masu lissafin ɗumamar yanayi da ke son maiƙo saboda yana rage iskar mesen da saniya ke fitarwa ta gyatsa, da kimanin kashi 4 ko 5 cikin 100 ga kowane kashi ɗaya na maiƙo da aka ƙara a abinci.

Yanzu sai mu dawo gida mu yi lissafi irin na aji shida. Masana abincin dabbobi suna da ƙa'idoji biyu masu sauƙi. Ta farko: jimillar maiƙo kada ta wuce kashi 6, ko a ƙalla dai kada ta haura kashi 7 cikin 100 na busasshen abincin da saniya ke ci a rana. Ta biyu, wadda ake dangantawa da Palmquist: saniyar da ba ta ramewa ba ta kuma ƙiba tana bukatar ta ci maiƙo daidai da wanda take fitarwa a madara. Saniyar Turai mai lita 35, wadda man madararta bai kai kashi 4 ba, tana fitar da fiye da kilo ɗaya na mai kowace rana. Abincinta na yau da kullum ba zai ba ta wannan ba, saboda haka ƙari ya zama mata dole. Ɗauki Bunaji tamu, farar saniyar Fulani, mai nauyin kilo 300. A tsarin kiwonmu ana tatsar lita ɗaya zuwa biyu, maraƙi ya sha nasa, mu ce duka lita 4. Madararta ta fi ta Turai mai, wajen kashi 5, wato giram 200 ke nan a rana. Idan ta ƙoshi tana cin kimanin kilo 9 na busasshen abinci, kuma ciyawa da harawa da dusa suna ɗauke da maiƙo kashi 2 zuwa 3, wato giram 180 zuwa 270. Kun ga ta riga ta samu abin da take bukata tun kafin a buɗe buhun kowa.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Duk wanda ke da Bunaji ko Rahaji ko Bokolo masu ba da lita biyu, ya sayi kitsen da aka biya da kuɗin waje, ya yi wa ɗan kasuwa aiki ne. Abin da ke hana shanunmu madara da rani sananne ne: ƙarancin abinci, ƙarancin ruwa, da ƙarancin furotin. Halittun tumbi suna bukatar abincin da furotin ɗinsa ya kai wajen kashi 7 cikin 100 kafin su yi aiki sosai, busasshiyar ciyawar rani da karan dawa kuwa sukan faɗi zuwa kashi 3 ko 4. Madara kuma kashi 87 cikin 100 nata ruwa ne, don haka saniyar da ake shayarwa sau ɗaya a yini ba wani kitse da zai cika mata hantsa. Maganar kitsen buhu tana tasowa ne ga mai shanun barbara, irin haɗin Firishiyan da Bunaji da aka daɗe ana gwadawa a Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika kusa da Zariya, ko mai tsantsar shanun Turai, idan saniya ta haura lita 15 ko 20, tana cin abinci mai kyau, amma duk da haka tana zubar da jiki. Ko shi ma sai ya ɗauki alƙalami: kuɗin giram 300 zuwa 500 na kitsen a rana, a gefe guda, da kuɗin lita ɗaya ta madara a ɗaya gefen.

Muna da abin da ya fi dacewa da mu, kuma kakanninmu sun san shi, wato anguriya. Wajen kashi ɗaya bisa biyar na anguriya mai ne, fiye da kashi 20 cikin 100 furotin ne, ga kuma ɓawo da ragowar auduga da ke sa saniya tuƙa. Hikimar da ke ciki ita ce man yana kulle a cikin ƙwaya, ba ya fita sai a hankali yayin da saniya ke tauna ta, don haka halittun tumbi suna samun sararin sarrafa shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya niƙa ta ya zama gari ya warware wannan kariya da hannunsa. Manyan gonakin madara na Amurka suna sayen anguriya da tsada saboda wannan dalili, mu kuwa ga ta a ƙasashen auduga irin su Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Gwambe. Nawa za a ba? Kashi 6 cikin 100 na kilo 9 giram 540 ne. A cire 270 da ke cikin sauran abinci, saura 270. Kilo ɗaya na anguriya yana da wajen giram 200 na mai, saboda haka kilo ɗaya zuwa ɗaya da kwata ya ishi Bunaji a rana. Saniyar barbara mai cin kilo 14 tana iya ɗaukar kilo 2. A raba shi safe da yamma, a fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu, domin halittun tumbi ba sa son a zo musu da sauyi farat ɗaya. Ina kuma roƙon masu aiko da kuɗi daga birni su haɗa da ɗan sikeli, domin mudu na anguriya da mudu na dusa ba nauyi ɗaya ba ne.

Amma zuma da zaƙi, da harbi. A cikin anguriya akwai wani sinadari mai suna gosifol. Tumbin babbar saniya yana iya ɗaure shi idan bai yi yawa ba, amma maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba tumbinsa bai ƙosa ba, yana iya taɓa masa zuciya ya kashe shi. A hana maruƙa kai baki a kwamin iyayensu. Haka kuma bijimin da aka ajiye don barbara, yawan anguriya yana raunana masa iri, don haka a taƙaita masa ƙwarai.

Sauran kayan da ke hannunmu kowanne da halinsa. Tunkuza da ƙuli-ƙulin gida sun fi na masana'anta ragowar mai, domin hannu ba ya matsewa kamar inji, saboda haka a lissafa man da ke cikinsu. Waken soya yana da mai kusan kamar anguriya, ya fi kyau a gasa shi a ɓarza, ba a niƙa lilis ba. Dusar shinkafa, wadda ta yawaita tun da injinan casa suka bazu a Kano da Kebbi da Jigawa, tana da mai fiye da kashi 10 cikin 100, mai ruwa-ruwa ne, kuma yana saurin lalacewa cikin zafi. A sayi wadda za ta ƙare da wuri, a kuma murza ta a tafin hannu, domin akan cakuɗa ta da ƙaiƙayi wanda ba ya ƙara wa saniya komai. Mutum yana iya haɗa anguriya da tunkuza da dusar shinkafa a kwami ɗaya, kowanne daidai gwargwado a ganinsa, alhali jimillar mansu ta tsallake iyaka ba tare da ya zuba ko ɗigon mai ba. Man da aka gama suyar ƙosai ko kifi da shi, ya yi baƙi ya canza wari, bai kamata ya kusanci saniyar tatsa ba. Wanda kuma zai sayi kitsen buhu na waje ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ya tabbatar na tsiro ne, domin a wasu ƙasashe ana haɗa kitsen dabbobi a abincin shanu, har da na alade.

Akwai abubuwa biyu da ke tafiya tare da maiƙo. Maiƙon da ba a kare ba yakan kama kalsiyam da maganiziyam a cikin ciki ya fita da su, saboda haka saniyar da ake ba anguriya da yawa tana bukatar gishirin lasa mai ma'adinai. Na biyu, lafiyar tumbi tana rataye ne a kan tuƙa. Babbar saniya tana haɗiye fiye da lita 100 na yawu a rana, yawun nan kuwa shi ke kashe tsamin tumbi, kuma ba ya zuba sosai sai tana tauna doguwar ciyawa. A fara ba ta harawa ko ciyawa kafin dusa. Kanwar da makiyaya suka gada suna ba shanu tana da alaƙa da wannan, domin irin gishirin da ke cikinta na daga cikin abin da manyan gonaki ke sa wa a abinci don rage tsamin tumbi. Idan ka shiga garke da rana tsaka ka tarar fiye da rabin shanun da ke kwance suna tuƙa, tumbinsu lafiya lau.

Haɗarin da ya fi tayar mini da hankali bai tsaya a kan saniya ba, domin yana isa ga 'ya'yanmu. Gyaɗa da anguriya da masara, idan suka sha danshi a ajiya, sukan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin ragowar gyaɗar da aka kawo daga Birazil. Idan saniya ta ci, hantarta takan sauya gubar, wani ɓangare ya fito a madara cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma tafasa madara ba ya kashe ta, mai da ita kindirmo ma ba ya kawar da ita. Guba ce da ke jawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Al'adar nan ta tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a ce a ba dabbobi, ga saniyar tatsa hanya ce ta dawo da gubar cikin furar gida. Araha ba ta ado: buhun tunkuzar da aka karya wa farashi da damina, a buɗe shi a sansana kafin a biya. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da iska ke ratsawa.

Ga wanda ke zaune a birni, ba ya ganin shanunsa sai da salla, akwai gwaji mai sauƙi da zai sa yaron da ke kula da su ya riƙa yi. A samu farar kwalba mai miƙaƙƙen jiki, a cika ta da madarar safe daga saniya guda bayan an tatse ta tas an gauraya, domin madarar ƙarshen tatsa ta fi ta farko mai nesa ba kusa ba. A ajiye ta a wuri mai sanyi har afarari ya taso, a auna kaurinsa da rula irin ta 'yan makaranta, a rubuta a littafi tare da yawan madarar ranar da abin da saniyar ta ci. A yi haka sau ɗaya a mako, da kwalba ɗaya, a lokaci ɗaya. Idan aka sauya abinci aka ga afarari ya sirance cikin kwana goma, kashi ya yi ruwa, tuƙa ta ragu, to a rage dusa da kayan mai, a ƙara harawa. Man madara yakan dawo cikin mako biyu zuwa uku. Idan bai dawo ba, a kira malamin dabbobi, a nuna masa littafin.